Gawon Gonar Baba

Zuwa ga Yaya Hamidu,

Bayan sallama, ina gajiya, ina iyali? Ya ƙafar Yaya Rabi, da sauƙi? Mu nan Bazaga lafiya lau, ruwa ya zauna, hatsi ya kai gwiwa.

Yaya, ɗanka Sani da ka turo daga Abijan don ya koyi noma ya sare gawon gonar Baba! Wai ya ga duk itatuwa sun yi kore, shi kaɗai ba ganye, sai ya ɗauka ya mutu. Bai tambayi kowa ba, ya kira masu gatari. Ya jibge mini iccen a ƙofar gida yana murmushi, wai, "Goggo, kin huta da neman makamashi."

Haba Yaya! Ɗa har ya yi gemu, ba ka taɓa gaya masa da damina gawo ke zubar da ganye ba? A gindinsa hatsinmu ya fi kyau, 'ya'yansa awakina ke ci da rani.

Ka taya mu addu'a kututturen ya toho. Ka gaida yara da maƙwabta.

Iccen na nan jibge, Yaya. Na kasa hura wuta da shi.

Ƙanwarka,
Hadiza