Ƙofar Phoebe

Lahadi, 18 ga Agusta

Ruwa ya sake shigowa. Rafin bayan gida ya haura, kafin a kaɗa ƙararrawar coci ya kai min ƙirji a tsakar ɗaki. Katifa ta tafi, buhun masara ma. Da ya janye sai na tsaya ina kallon ƙofa. Shekara talatin da ɗaya, duk ambaliya matata Phoebe kan ɗauki ƙusa ta ja layi a jikin katakon, daidai inda ruwa ya tsaya, ta rubuta shekarar a gefe. Na farko a idon sawu yake. Na bara a ƙugu. Na bana babu mai ja. Zafin Afrilu ya ɗauke ta.

Ƙusar na nan kan taga. Ban taɓa ta ba.

Talata, 20 ga Agusta

George ya zo. George! Mutumin da ya sare itatuwan bakin rafi ya zuba masu buga bulo. Da na yi magana a taron unguwa sai ya miƙe ya ce, "Baba Nuhu, yaushe za a fara sassaƙa jirgin?" Aka yi ta dariya. Shekara goma sha biyu ke nan duk unguwarmu ta Makera ba mai kirana da sunana, Albert. Yau ga shi da wando a naɗe, wai katangarsa ta faɗi, wai sannu da ruwa. Na ce masa jirgin ya cika.

Asabar, 24 ga Agusta

Rhoda 'yar George, malamar firamare, tana bi gida-gida da takarda. Za su kai wa hukuma: a yashe magudana, a hana haƙar yashi, a mai da itatuwa bakin rafi. "Baba, sauyin yanayi ne, duk duniya ana fama da shi." Na ce na san shi tun ba shi da suna. Ruwan da a da yake yin sati yana sauka, yanzu a yini guda yake juyewa, sannan rana ta fito kamar da gayya.

Ta ce sun je sau ɗaya, wani mai babban tebur ya ce ambaliya ai kullum haka take, ina shaidar tana ƙaruwa? Tana faɗa tana kallon ƙofata. Wai in bari ta ɗauki hoto.

Na hana. Lokacin da masaƙar da nake aiki ta rufe na dangwala yatsa a takardu har ya yi shuɗi, me aka gani? Kuma rubutun Phoebe ne. Ni da ban taɓa zama a aji ba, da hannun nan ta koya min baƙi a Littafi Mai Tsarki. Ba na 'yan dariya ba ne.

Laraba, 28 ga Agusta

Ƙofar ta kumbura, ba ta rufuwa. Ƙasanta ya fara ruɓewa. Layin farko ya kusa tafiya.

Litinin, 2 ga Satumba

Na bi ta gidan George, ba don komai ba, hanya ce. Ɗakunan baya sun zube. Yana zaune kan bulo da kwanon abinci bai ci ba. Ya tsufa, ban san yaushe ba. Ya ɗago ya ce, "Albert." Shi ke nan abin da ya ce. Na wuce.

Da na dawo na duba ƙofa. In ruwa ya ƙara shigowa sau ɗaya, layi uku za su tafi. Phoebe ta yi ta jan su ne don wa? Ni ai ina cikin ɗakin, na san inda ruwan ya kai.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na ɗauki ƙusar na ja layin bana. Ya karkace, ba kamar nata ba.

Hoto kowa na iya cewa ƙarya ne. Ifeanyi makanike ya kwance min ƙofar, muka ɗaure ta a keke. Yana cewa, "Baba, haka za ka bar ɗaki a buɗe?" Na ce me ya rage a sata? A ofishin hukuma na jingine ta gaban mai teburin, da laka da wari da komai. Rhoda ta karanta shekarun daga ƙasa zuwa sama. Mutumin ya taso ya bi layukan da biro, ya tsaya a na bana, daidai aljihun rigarsa. Ya ce a bar masa ita har kwamiti ya zauna. Ban yarda da su ba, har yanzu. Amma na bari. Na kuma sa sunana a takardar, da hannuna.

Juma'a, 6 ga Satumba

Zanen ɗaurawar Phoebe na rataya a bakin ɗaki a madadin ƙofa. George ya kawo fallen kwano da guduma, sai dai ba shi da ƙusa isasshiya. Ya hango ƙusar Phoebe a kan taga. Na ce ba wannan ba.

Ban ce ya zauna ba. Kujerar dai na fito da ita ne ta sha iska.