Jakar da Muka Fasa a Mairuwa

Yaya Sani,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya yara, yaya zaman Ikko? Mu nan Faskari mun gode Allah, sai dai hankalina bai kwanta ba.

Ranar Talata na raka Baba asibiti Funtuwa. Ya ajiye tsohuwar gafakarshi, ya ɗauki jakar ma'aikata mai makullin lambobi da ka aiko mashi. Maganin fukarshi na ciki. Motarmu na isa Mairuwa numfashi ya sarƙe mashi. Na ce, "Baba, lambobin!" Sai kallona yake yana dafe ƙirji, ni kuma ban san su ba. Da gatarin wani manomi muka fasa ta a bakin hanya.

Ya samu sauƙi, amma ya hana a faɗa maka, wai kada ranka ya ɓaci. Don Allah in za ka sake aiko mashi da jaka, ka nemo ta ratayawa, wadda hannu ɗaya ke buɗewa.

Ka sa shi cikin addu'a, ka gaida kowa. In ka zo kada ka tambaye shi jakar. Tana ƙarƙashin gadonshi a fashe, kullum sai ya goge ta.

Ƙanenka,
Isuhu