Gaba Hamsin na Igiyar Baba

Dakoro, 6 ga Maris

Zuwa ga Babana Kyauta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da dukan mutanen Azagor. Yaya dabbobi da wannan zafi?

Baba, raina a ɓace yake. Sabuwar igiyar rijiya da ka bari wurina ranar kasuwa, kafin mota ta kai maka ita, na ara wa Mushe Harisu, malaminmu na fizik, don mu auna saurin sauti. Na gaya masa ka auna ta da hannunka, gaba hamsin cif. Muka shimfiɗa ta sau huɗu a fili bayan lakkwal, wato makarantarmu. Ɗaya ya bugi ƙarfen shiga aji daga can nesa, mu kuma muna duba agogon salula tsakanin ganin bugun da jin ƙarar.

Littafi ya ce mita 340 cikin sakan guda. Namu lissafin ya tsaya 288. Nan take Nafi'u, ɗan ajinmu mai baki, ya ce makiyayi bai iya ƙirga ba, igiyar ta fi abin da ka faɗa. Aji ya fashe da dariya. Ban yi kuka gabansu ba, amma na yi.

Ban yarda ba. Mutumin da ransa da na garkensa ke rataye da igiya ba ya kuskuren tsawonta. Don Allah ka buɗe hannuwanka, a yanko zare daidai gabanka, a aiko mini.

'Yarka,
Hamdiya

Dakoro, 20 ga Maris

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Zare ya iso, na gode.

Ashe Mushe ya ɗauki kowane gaba mita ɗaya da rabi, awon nasa hannun, shi da bai kai kafaɗarka ba! Na aza zarenka bisa ma'aunin allo gaban kowa: mita ɗaya da santi tamanin. Na sake lissafin da alli. Ya fito 346. Mushe ya ce da zafin garinmu haka ya kamata, kuma laifin nasa ne, in ba ka haƙuri.

Ban bar Nafi'u haka ba. Na miƙa masa zaren ya buɗe hannuwa ya kama bakinsa biyu. Ya yi ta miƙewa har da ɗage, saura taƙi guda bai kai ba. Wannan karon ba kai aka yi wa dariya ba.

A gaishe da Inna.

'Yarka mai alfahari da kai,
Hamdiya Kyauta