Tafiyar Bana Babu Tullio

Asabar, 1 ga Yuli

Gobe za mu tashi. Kwana bakwai: daga nan Tirano zuwa Bormio, mu haura dutsen Stelvio, mu gangara kwarin Venosta har Merano. Na sa wa sarƙa mai, na sake tayar baya. Mu biyar ne bana. Ni, da Nives da ta yi ritaya daga koyarwa, da Gualtiero mai gidan burodi, da 'yan gidan Cusini wa da ƙani. Shekara talatin da ɗaya ina tsara tafiyar nan, yau ne karon farko da na rubuta sunaye babu na abokina Tullio.

Ba ni na hana shi ba. Shi ya ce ba zai zo ba.

Lahadi, 2 ga Yuli. Bormio

Mun haɗu a gaban coci ƙarfe bakwai. Kowa ya hau kekensa, ni kuwa na tsaya ina gyara hular da ba abin da ya same ta, idona na kan layin gidan Tullio. Gualtiero ya ce, "Shugaba, budurwa kake jira? Mu fa burodinmu na hucewa." Na ce ya rufe mini baki.

Kilomita arba'in, kogin Adda na gefenmu, manoma na ta yankan ciyawa. Hanya lafiya. Da rana a gidan abinci mun ci polenta, wato tuwon masara, da cuku, sai mai hidima ta jera faranti shida. Ta san mu, duk shekara nan muke tsayawa. Nives ce ta miƙa mata ɗayan.

Litinin, 3 ga Yuli. Bormio har yanzu

Ruwa tun asuba, an ce akwai ƙanƙara a sama. Mun zauna. Su suna karta a ƙasa, ni ina ɗaki.

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda ba mai karantawa. A watan Janairu aka yi wa Tullio aikin zuciya. A watan Mayu ya shigo shagon kofi inda muke taro, fuskarsa kamar yaron da aka yi wa sabon takalmi, ya nuna mana hoto a waya. Keke mai batir, ja. Ya ce, "Da wannan zan bi ku." Ni kuma na ce, a gaban kowa, "Mu ƙungiyar masu keke ce, ba ta masu babur ba. In ka ga dama ka taho da gadon asibitin ma, mu sa masa feda."

An yi dariya. Shi ma ya yi. Ya shanye kofinsa, ya ce, "Ka yi gaskiya, Ermanno." Ya ɗauki hularsa.

Tun muna aji uku muke irin wannan wasa. Ya faɗa mini abin da ya fi haka zafi sau ɗari. Me ya sa wannan karon...

Talata, 4 ga Yuli. Prato

Na sauka daga keke a Stelvio. Ni.

Saura lanƙwasar hanya tara a kai sama ƙafafuna suka ce sun gama. Numfashi ya ƙi shiga, idona ya riƙa ganin baƙi-baƙi. Na kafa ƙafa a ƙasa, na fara turawa. Su Gualtiero sun riga sun wuce. Wata Bajamushiya da ta girme ni ta zo ta gifta a kan keke mai batir, har da ɗaga mini hannu.

Nives ta iso, ta sauka ita ma ba tare da na roƙa ba. Na ce ta wuce abinta. Ta ce, "Ƙafata ce, ba taka ba." Muka yi ta turawa, iska na yankan kunne, ƙanƙarar jiya na narkewa a gefen hanya. Can ta ce, "Ka san tun Maris yake fita kullum da safe? Matarsa Ilda na bin sa a mota da magani a jaka. Likita ya yarda masa bana kaɗai. Ya ce daga baɗi kada ya ƙara hawa tsauni, da batir ko babu."

Na ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Ta ce, "Haba, Ermanno. Wa yake iya gaya maka magana?"

A sama sun jira mu fiye da rabin awa cikin sanyi. Na shirya wa bakin Gualtiero. Sai kawai ya miƙo mini shayi mai zafi, ya ce, "Sha, tsoho." Da ya yi mini tsiya da ya fi sauƙi.

Lanƙwasa arba'in da takwas muka gangaro, ban ga ko ɗaya ba. Abin da nake gani shi ne Tullio a watan Janairu, roba a hanci, roba a hannu, fatarsa kamar toka. Minti goma na yi a ɗakin asibitin na ce mota na jirana, alhali babu wata mota. Da ya nuna hoton nan, abin da ya faɗo mini shi ne zai faɗi a kan dutsen nan a gabana, ni zan kira Ilda. Maimakon in faɗi haka, na faɗi wancan.

Laraba, 5 ga Yuli

Tafkin Resia. Kyau kamar kullum. Na ciro waya sau uku.

Alhamis, 6 ga Yuli. Glorenza

Na kira bayan abincin rana, ina zaune a gindin ganuwa. Matarsa ce ta ɗauka. "Au, kai ne," in ji Ilda, ba gaisuwa. Na ji tana ƙwala masa kira a lambu.

Na riga na tsara magana. Gobe da jibi hanya shimfiɗe take, gangare ne cikin gonakin tuffa har Merano, jariri ma zai iya. Ilda ta kawo shi a mota, mu ƙarasa tare. Na faɗa duka a numfashi ɗaya.

Tullio ya ce, "Ai na sayar da keken. Wani ɗan Sondrio ya zo ya ɗauka tun watan jiya."

Na ce sai mu yi hayar wani a nan.

"Bar shi, Ermanno. Ina ɗaure tumatir." Sai kuma ya ce, "An ce ka tura a Stelvio."

Gualtiero, munafuki. Na ce ƙarya ne.

Ya yi dariya, ta gaske, har da tari. "Ka gaida kowa. Ku yi hankali da birki." Ya kashe.

Ban ce masa ya yi haƙuri ba. Kalma biyu. Na zauna a wurin har inuwa ta bar ni.

Juma'a, 7 ga Yuli. A tashar bas

Na ba Nives taswira da sunan masaukin Merano. Na ce musu gwiwata ce. Gualtiero ya dubi gwiwar, ya dube ni, ya ce, "Wacce daga ciki?" Nives ta taka masa ƙafa.

Ban taɓa barin tafiya a tsakiya ba, ko shekarar da na karye a kafaɗa. Sun tafi, na tsaya ina kallonsu har suka shige cikin itatuwan tuffa, Nives a gaba.

Direba ya ɗaure keken a bayan bas. Sai na sake mota a Bormio, in Allah ya yarda ƙarfe huɗu ina gida.

Gwiwar tana ɗan ciwo, ba ƙarya na yi ba gaba ɗaya. Kuma Tullio bai iya ɗaure tumatir ba, yana matse su da yawa. Dole wani ya je ya nuna masa.