Kada ka sa wa mai intanet hannu

Yaya,

Na tafi aiki, ban so in tashe ka ba. Mutumin kamfanin intanet ɗin nan ya dawo da safe, wai yau za su ja mana waya. Na ce ya nuna katin aikinsa, sai ya hau lalube aljihu yana dariya: "Haba ƙanwata, ba ki yarda da ni ba?" Yana fita sai ga wayfai na kyauta a wayata, da sunan kamfaninsu, yana neman lambar katin banki. Ban shiga ba, kai ma kada ka kuskura.

Takardarsa tana kan firij. Kada ka sa hannu sai na kira ofishinsu. Maƙwabciyarmu ta ce jiya da sunan wani kamfani daban ya je mata.

Ƙanwarka