Reshen Magarya a Bakin Shinge

Rustenburg,
ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayata Nokwanda,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma ƙafar Mama ta yi sauƙi. Allah Ya ƙara mana haƙurin rashin ƙanenmu Lungelo, Ya ba ki ladan ɗawainiyar da kike yi da gida. Mu nan lafiya lau. Zoleka ta koma aikinta na asibiti, 'yarmu Unathi kuwa ta fara haƙori, ba ta barin kowa ya huta.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Na ɗauka, Yaya, na ajiye. Ba zan iya faɗa miki wannan magana ina jin numfashinki ba, shi ya sa na ba Baffa Zwelinzima takarda ya kawo miki. Za ki gan shi ya dawo Mqanduli bai taho da Lungelo ba. Ni na hana shi.

A wurin jana'iza an gaya muku bel ɗin da ke kwasar dutse ne ya kama shi, amma ba a gaya muku inda abin ya faru ba. Bel ɗin yana tashi daga bakin ramin ma'adinai, ya haye shinge, ya sauke a masana'antar niƙa dutse. Wannan gefen dokar ma'adinai ce ke iko, wancan gefen dokar ƙwadago. Lungelo kuwa daidai kan shingen yake gyara, inda babu murfin kariya, domin kowane ɓangare ya bar wa ɗayan ya sa. Sufeton ma'adinai ya zo ya ɗaura jan zare, ya ce kada a taɓa komai. Washegari sufetar ƙwadago ta zo ta ɗaura nata a kan nasa. Shi ya ce daga gefensa yaron ya zame, ita ta ce a gefenta ya faɗi. Tun daga nan suke ta jayayyar wa ke da bincike, wurin kuma yana nan a rufe.

A haka Baffa ya iso, cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, da reshen magaryar kura naɗe a tawul, don ya je inda ran yaron ya fita, ya kira kurwarsa ta shiga reshen, ya kai ta gida, kamar yadda ya ɗauko Baba daga ramin zinariya muna yara. Masu gadi suka rasa yadda za su yi da tsoho, suka kira ni, tunda ni ma'aikata suka zaɓa wakilinsu kan kiyaye haɗari. Na fito da hular kwano da riga mai walƙiya. Wayyo Yaya, da kin gan ni! Ko durƙusawa ban yi ba. Na buɗe baki ina zuba masa doka, sashe kaza da sashe kaza, da muryar ofis, domin na hango manaja yana leƙe ta taga.

Ya bar ni na gama tsaf. Sai ya ce to madalla, ashe gidanmu an haifi lauya ba a sani ba. Ya tambaye ni, cikin hukumomin nan biyu da ke rigima a kan ɗansa, wacce ce ta zo jana'iza. Ya ce shi ko ƙusa bai zo ɗauka ba, wanda ya zo ɗauka ba ya cikin abin da suke aunawa da tef. Wani mai gadi ya juya baya yana share ido, ni kuwa na ce masa dai ba hali.

Ina da hujja, kuma ta gaskiya ce. In aka taka wurin, lauyoyin kamfani za su ce an ɓata shaida, bincike ya watse, murfin nan kuma har abada ba za a sa shi ba. Amma ban riƙe hannunsa na faɗa masa haka kamar ɗa da uba ba. Kamar baƙo na sallame shi, kuma kunyar wannan ba ta sake ni ba har yau.

Baffa ya tsaya ta wajen shinge, ya ɗaga reshen, ya yi ta kiran Lungelo da sunayen kakanni, injuna na ta ruri a kan muryarsa. Daga nan ya nufi tasha, ina biye da shi ina addu'a. Kin san wanda ya ɗauko mamaci ba ya magana da mai rai sai ya shiga gida. Muna isa tasha sai ya waiwayo ya tambaye ni ina ake sayar da tuwon masara a nan, yunwa yake ji. Nan na gane bai ɗauko shi ba. Ya ce yaron bai ji ba, dama Lungelo ko yana raye ba a kiransa daga nesa, sai an kama kunnensa.

Da muka zo gida ya ɗora reshen a kan kabad ɗina, ya ce tunda ni na san dokoki biyu, sai in koyi ta uku. Ya zaunar da ni ya koya mini yadda ake kira, da yadda zan kama kujera biyu a mota, da yadda zan riƙa gaya wa yaron kowane gari da kowane kogi da muka haye, kada ya ɓace a hanya.

An ce sufetocin sun yarda su shiga wurin tare a mako mai zuwa, kuma doka ta ba wakilin ma'aikata damar bin su. Zan shiga da reshen a cikin rigata. Zan fara gaya musu duk abin da na sani a kan murfin nan, a gaban manaja, ba zan rage komai ba. In na gama zan durƙusa in kira ƙanena, daga nan kuma ko wa ya yi mini magana ba zan amsa ba. In aikina ya tafi a kan haka, ya tafi.

Don Allah ki ce wa Mama ta dakata da yankan akuyar tarbar Lungelo, kuma kada kowa ya ga laifin Baffa. Ki gaishe mini da Gwaggo Nosipho, da maigidanki Bongile, da su Lwazi da Anelisa. Zoleka tana gaishe ku duka. Mama kuwa ki gaishe mini da ita tun yanzu, ki gaishe ta da kyau, domin ranar da na sauka daga mota ba zan gaishe ta ba. In ta ga na wuce ta ban ce uffan ba, kada ranta ya ɓaci. Ta buɗe ƙofa kawai, mu biyu ne.

Naki ƙane mai neman afuwa,
Mthuthuzeli