Kifin da Kawu Belgasim Ya Ciyar da Baƙi

Karkana, farkon bazara

Zuwa ga ɗiyata Inas,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya sanyin birnin Liyon na Faransa? Ina fata kina cin abinci na kirki, ba burodi da cuku kullum ba. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Albishirinki! Kwamitin da Umminki ta daɗe tana roƙon ma'aikata ta turo daga Tunis zai zo tsibirinmu mako mai zuwa. Su za su duba su ce ko a kare gaɓar ƙauyenmu, a kawo jirgin tsaro ya hana masu jan taru a ƙasan teku shigowa. Jirgin ɗaya ne tak, garuruwa da yawa kuma suna nema. In ya wuce mu, Allah kaɗai ya san ranar da za a sake waiwayarmu.

Ke kin buɗe ido kin ga ana kiran uwarki Farfesa Wasila, ana gayyatarta taro a ƙasashen da ni ko sunansu ban iya faɗa ba. Ni kuwa na san ta tun tana yarinya mai naɗe wando zuwa gwiwa, tana shiga ruwa da kwalabe, mutanen gari suna cewa 'yar Hashmi ta yi boko har ya taɓa mata kai, teku take aunawa. Ni ne mai ɗaukar kwalaben, kuma har yau ba a sa sunana a littafi ko ɗaya ba. Maganarta tun wancan lokacin ba ta canza ba: gidajen nan suna gadon teku ne kamar yadda wasu ke gadon gona, don haka wanda ya zo da injin ya kankare ciyawar da kifi ke haihuwa a ciki, gonar talaka ya ƙone. Da farko dariya aka yi mata. Yanzu ɗalibanta ne a ofisoshi, suna maimaita maganar kamar su suka ƙirƙiro ta.

Tunda kin zama 'yar birni bari in tuna miki sharfiya: shingen ganyen dabino da ake kafawa cikin ruwa mara zurfi, kifi ya bi shi har ya faɗa kwandon tarko. Ta Belgasim, kawun Umminki, za a nuna wa baƙin, don ita ce mafi tsufa, kuma bana ƙaguwa kawai take kamawa.

Jiya muka je sanar da shi. Ya gyara jar hularsa ya ce, "Baƙi daga Tunis? A sharfiyar ubana? To, ai sai mu fita kunya."

Umminki ta ce, "Kawu, don Allah kada ka gyara komai. Su gani yadda yake."

Ya ce, "Ke 'yar nan, ni za ki koya wa karɓar baƙi? Je ki ji da kwalabenki."

Ta fito tana murna wai ya fahimta. Ni dai murmushin da na ga Inna Zuhra, matarsa, tana ɓoyewa a bakin mayafi bai kwanta mini ba. Ki taya mu da addu'a.

Naki mai kewarki,
Babanki, Munji

Karkana, bayan zuwan baƙi

Ɗiyata Inas,

Sallama da gaisuwa. Ya jiki, ya jarrabawa? Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, don ni kaina da nake rubutawa sai na riƙa ajiye alƙalami ina dariya, alhali ranar kuka ya kusa kama ni.

Baƙi sun sauka daga jirgin fito da safe. Shugabansu wani Si Lutfi ne, mutum mai fara'a da tumbi, ya zo da takalmin ofis za shi shiga teku. Umminki ta yi musu bayani a bakin gaɓa, bayanin da ban taɓa jin ta yi mai daɗinsa ba. Ta nuna musu hotunan ƙasan ruwa na da da na yanzu, ta lissafa gidajen da 'ya'yansu suka bar tsibirin saboda tarko ya daina ciyar da su. Muka shiga kwalekwale, Kawu a gaba kamar ango.

Aka isa sharfiya, Kawu ya sa ƙugiya ya jawo kwandon. Inas, mutum biyu suka taya shi ɗagawa! Kifi ne maƙil, manya-manya, irin waɗanda rabon da in gani a ruwan nan tun kina goye. Si Lutfi ya tafa hannu ya ce, "Masha Allah!" Na dubi Umminki. Fuskarta ta yi fari fat.

Ashe tun kwana biyu kafin zuwansu gari ya haɗa kai. An aika birnin Sfax da ke tsallaken ruwa an sayo kifi mai rai a cikin randuna, aka zuba a tarkon da asuba. Mai jirgin fito ya sani, liman ya sani, mai gidan shayi ya sani. Mu biyu ne kawai ba a gaya wa ba. A ganinsu, baƙo ya tsallako teku ya ga kwandon mutum wayam, wannan abin kunya ne da za a yi wa jikoki gori da shi.

Aka dawo gidan Kawu, Inna Zuhra ta jera kuskus da kifin, ga yaji ga man zaitun. Si Lutfi yana ci yana lumshe ido. Ya ce, "Farfesa, ina girmama aikinki, ɗalibanki ma suna ofishina. Amma rahotonki ya ce teku ya mutu. In wannan ne mataccen teku, Allah ya ba mu irinsa a Tunis."

Aka yi dariya. Ban da uwarki. Tun a kwalekwale ta gane abin da aka yi, don akwai kifin da ba ya taɓa zuwa ruwa mara zurfi a cikin kwandon. Kalma ɗaya za ta faɗa ta ceci aikin rayuwarta. Amma wace 'ya ce za ta ƙaryata ƙanen uwarta a gidansa, a gaban baƙi? Na taɓa ta da gwiwar hannu, ta harare ni. Wallahi tausayinta ya kama ni.

Kawu ya lura. Ya ce, "Ke Wasila, ci mana."

Ta ce, "Na ƙoshi, Kawu."

"Da me kika ƙoshi? Da iska?"

Kafin ta amsa, Si Lutfi ya goge hannu ya ce, "Alhaji, ka kwantar da hankalinka, zan faɗa musu gaɓarku lafiya lau take. Jirgin tsaron sai mu ba waɗanda suka fi ku buƙata."

Cokalin Inna Zuhra ya tsaya a cikin tukunya. Kawu ya dubi baƙon, ya dubi Umminki, ya dubi ƙasusuwan kifin da ke gabansa. Sai ya cire hula ya ajiye a kan tabarma. Ni tunda nake ban taɓa ganin tsakar kansa ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kifin ya yi daɗi?"

"Ƙwarai kuwa."

"To na Sfax ne. Ni na zuba shi da hannuna. Tarkon ubana rabonsa da irin wannan tun kafin haƙorana su zube. Ka ci abincina, yanzu kai ba baƙo ba ne, ba na jin kunyarka. Tashi ka cire takalmin nan mu koma ruwa."

Haka ya tasa su gaba, da cikinsu cike, ya bi da su sharfiyar maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Kowane kwando aka ɗago, ƙaguwa ce da guntun ciyawar da taru ya tsige. Maza suna tsaye cikin ruwa kai a sunkuye. Si Lutfi ya daina dariya. Da muka fito ya tambayi Umminki ko tana da abin ƙarawa. Ta ce, "Babu. Shekaru ina auna komai na tekun nan, ban taɓa tunanin in auna Kawu ba."

Sun tafi ba su ce e ko a'a ba. Uwarki tana gaishe ki, ta ce kada ki yarda da rabin abin da na rubuta.

Babanki,
Munji

Karkana, tsakiyar hunturu

Inas ɗiyar albarka,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya sanyi? Mun ga hotonki, kin rame, za mu yi maganar wannan in kin zo.

An ba mu jirgin! Fari ne, ɗan ƙarami, amma tunda ya fara zagaya masu jan taru suka yi nisa da mu. Abin da ya fi faranta wa Umminki shi ne an karɓi shawararta cewa masunta su zauna a majalisar da za ta kula da gaɓar, ba a yanke musu hukunci daga nesa ba. Garuruwa biyu sun riga sun aiko suna so ta je ta tsara musu irin wannan. Ki ji ta wai ta gaji, za ta yi ritaya, alhali na ga ta sayi sababbin kwalabe.

Kawu yana cikin majalisar, kuma ya ishe mu. A gidan shayi yana gaya wa kowa wai dama dabara ce ya shirya tun farko. "Farfesa ta yi shekaru tana rubutu ba su ji ba, ni da kuskus ɗaya na gama da su." Inna Zuhra ta ce masa, "Dabara? To wa ya yi mako bai fita ƙofar gida ba don kunya?"

Da kaka duk gari ya fita aka kafa sabon ganyen dabino, har da ni da gwiwata. Umminki ta gargaɗe su cewa ciyawar teku ba ta tsirowa da sauri, kada kowa ya sa rai bana. Suka ce sun ji.

Jiya da hantsi muna karin kumallo aka buga ƙofa. Kawu ne, wandonsa jiƙe har cinya, yana riƙe da ƙaramin kwano an rufe da tsumma. Bai ko yi sallama sosai ba, ya wuce ni ya ajiye a gaban Umminki. Ta buɗe. 'Yan kifaye ne, kowanne bai wuce tafin hannu ba, suna motsi.

Ya ce, "Ranar nan kin ƙi cin kifina a gaban mutane. Wannan ban saya ba. Daga tarkon kakanki ya fito."

Kin san uwarki ba ta kuka, ko ranar da kika tafi sai da ta shiga ɗaki. Jiya kuwa a gabanmu ta yi, tana riƙe da kwanon da hannu biyu. Kawu ya ce, "To, hawaye za ki soya shi da shi? Munji, kawo mai."

Ni na soya. Ta cinye tas, ko kai ba ta rage mini ba.

Ki zo lokacin kaka, akwai ganyen dabino da ke jiran hannunki. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya.

Naki har kullum,
Babanki, Munji, mai ɗaukar kwalabe